MUGU MA A BA SHI BAKI

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tarurrukanmu na marubuta, tun muna jin ta a bakin mutum ɗaya ko biyu, har yanzu ta kusa zama doka. Maganar kuwa ita ce, wai littafin kirki shi ne wanda mugun cikinsa ba shi da bakin magana, mutumin kirkin cikinsa ba ya taɓa yin zuciya biyu, sa'an nan a shafin ƙarshe marubuci ya fito da kansa ya jera darussa, na ɗaya, na biyu, na uku, don kada mai karatu ya ɓace. In aka karanta labari a zauren karatu, tambayar farko da za a jefa wa mai shi ita ce, "To malam, ina saƙon?" In kuwa ya kuskura ya ba mayaudarin labarinsa hujjar da ta ratsa zuciya, sai ka ji an ce ai wannan goyon bayan ɓarna ne.

Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, kuma mun ga ya kamata mu faɗi dalilinmu a fili, a wannan mujalla tamu, inda masu tasowa za su gani. Mun san masu wannan ra'ayi ba maƙiyan adabi ba ne. Yawancinsu iyaye ne, wasunsu malaman makaranta ne kamarmu, kuma tsoron da suke ji na gaskiya ne. Tun muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, marubucin Hausa yake faman kare kansa daga zargin ɓata tarbiyya. Garkuwar da ta fi sauƙin ɗauka kuwa ita ce a toshe wa mugu baki, a liƙa wa'azi a bayan littafi. To amma garin neman gira an rasa ido. Marubucin da ya mayar da mugunsa wawa ya cuci mai karatunsa, domin ya sallame shi zuwa duniyar da miyagunta suka fi kowa iya magana, alhali bai taɓa jiyar da shi irin muryarsu ba.

GATSE BA BAƘO BA NE

Kafin mu je ga littattafai, bari mu fara daga tsakar gida. Yaro ya fasa tulu, uwa ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, gobe ma ka ƙara." Yaron nan, ko shekararsa biyar, ya san ba yaba masa aka yi ba, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa haka. Wannan shi ne gatse, wato a faɗi magana ana nufin kishiyarta, a bar mai ji ya juya ta da kansa. Ƙannensa su ne habaici da shaguɓe da hannunka mai sanda. Da su makaɗan fada suke taɓa abokin gabar ubangidansu ba tare da sun kama suna ba, da su kishiyoyi suke yaƙi a bakin turmi, da su kuma Bafillatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, suke wasan da ya hana su faɗa.

Tatsuniya ma haka take. Kakanninmu mata sun yi shekara da shekaru suna ba jikoki labarin Gizo, wanda sana'arsa ke nan ƙarya da cuta da daɗin baki, kuma sau da yawa shi ke cin riba. Ba mu taɓa jin wata tsohuwa ta bar ba da labarinsa don tsoron kada jikanta ya zama ɓarawo ba. Sun san yaron da ya ga yadda Gizo ya yaudari kura ta hanyar kwaɗayinta ya sami ilmi biyu a dare ɗaya, ya san mayaudari, ya kuma san ƙofar da mayaudari yake shigowa.

A cikin rubutaccen labari gatse yakan ƙara zurfi. Wani lokaci mai karatu ne yake ganin ramin da ɗan cikin labari bai gani ba. Wani lokaci kuma mai ba da labarin ne yake yabon kansa, aikinsa yana tona masa asiri. Wannan makami ne magabatanmu suka riƙe da kyau, mu kuma muke neman jefar da shi.

ABIN DA IMAM YA YI

A shekarar 1933 aka yi gasar ƙaga labarai a ƙarƙashin Rupert East a Zariya, wadda ta haifar mana da littattafan da har gobe muke kira tushen ƙagaggen labarin Hausa. Cikinsu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Duk mun karanta shi, duk muna yabonsa, amma da a ce yau wani matashi ya kawo shi zauren karatunmu, anya zai tsira daga masu tambayar saƙo?

Ku tuna ko wane ne tauraron littafin. Alhaji Imam ya fita neman ruwan Bagaja da kyakkyawar niyya, don ya wanke mutumin da ya riƙe shi daga wulakancin da aka yi masa a fada, don kuma ɗan sarki ya warke. Amma a hanya ba irin zambar da bai yi ba. Ya isa wani gari ya mai da kansa babban malami, alhali ba shi da karatun. Da Malam Zurƙe ya zo yana neman tona masa asiri, sai aka haɗa su a gaban jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta ambaton haruffan da zanen ya yi kama da su, shi kuwa Alhaji ya juya ga taro ya ce su duba da idonsu, ai jinjirin wata ne. Mutanen gari, da yake ba su san harafi ba amma sun san wata, suka gaskata shi, suka kori wanda ya fi shi sani.

Imam bai tsaya a nan ya ce mana wannan aiki haramun ne ba. Ya ma sa mai zambar ne da kansa yake ba da labarin, yana jin daɗi. Mai karatu zai yi dariya har da hawaye, sai can daga baya abin ya dawo masa, ya tambayi kansa, shin da ina cikin taron nan, wa zan bi? Sau nawa muka ga an kori mai ilmi an rungumi mai baki, don kawai mai bakin ya san abin da taro yake iya ganewa? Wannan tambaya ta fi shafi goma na nasiha kaifi, kuma dalilin kaifinta shi ne mai karatu ne ya yi wa kansa ita.

A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Imam ya ƙara gaba. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma ya haɗa baki da abokan gaba don a fitar da yaron daga gida a miƙa musu shi. Musa ya ƙudura sai ya fita ya bi Mahmudu fagen fama. Macen aku ta gaya masa gaskiya tsirara, ta ce kada ya fita, ya kashe ta. Da ya zo wajen Aku, Aku bai ce masa a'a ba. Sai ya nuna masa kamar yana tare da shi, ya jawo wani labari, ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Haka ya yi ta yi dare bayan dare har Sarki ya dawo ya tarar da ɗansa da rai.

To ga tambaya ga masu son kowane abu ya zama fari ko baƙi. Wadda ta faɗi gaskiya ta mutu, ba ta kuma ceci kowa ba. Wanda ya ɓoye abin da ke ransa, ya yi amfani da daɗin baki, shi ya ceci yaron har ya zama Waziri. Shin Aku maƙaryaci ne ko mai hikima? Mene ne bambancinsa da tsohon Wazirin, tunda dukansu da harshe suke aiki, dukansu kuma abin da ke bakinsu ba shi ne a zuciyarsu ba? Amsar tana nan, amma Imam bai tauna mana ita ba. Sunan littafin ma ya isa mai hankali, domin jari ana iya juya shi a halal, ana iya juya shi a haram, kuma wanda bai san yadda ake juya shi ba shi ake ci a kasuwa.

Haka Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, shi ma ɗan wancan zamani. Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainab, don haka tausayinmu yana wajen Abubakar. Amma da Abubakar ya tashi ramuwa, sai ya sauke ta a kan Kyauta, yaron da bai ji ba bai gani ba, har yaron ya lalace ya zama ajalin mahaifinsa. A wane shafi ne wanda aka zalunta ya koma azzalumi? Littafin bai ja layi ya nuna mana ba, mu ne za mu nemo.

DARASI DAGA BIRNIN RUM

Kada a ce wannan hali na Imam da tsararrakinsa ne kaɗai. Duk inda aka yi adabin da ya daɗe bai mutu ba, za ka tarar da shi. Bari mu ɗauki misali ɗaya daga waje, wanda da yawanmu muka haɗu da shi a ajin adabin Turanci, wato wasan kwaikwayon Juliyas Siza, wanda Shekisfiya ya rubuta a Ingila wajen shekarar 1599. Labarin ya samo shi ne daga tarihin da Fulutak ya rubuta na kisan Siza a majalisar birnin Rum, ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ba mu kaɗai ne a Afirka muka ga darajarsa ba, domin Julius Nyerere, yana shugaban ƙasa, ya fassara shi zuwa Suwahili aka buga a 1963.

Burutus mutumin kirki ne, kowa a Rum ya shaida, kuma Siza yana ƙaunarsa. Amma yana tsoron Siza zai naɗa kansa sarki ya rushe tsarin jamhuriya. Ga amana a gefe ɗaya, ga ƙasa a gefe ɗaya, gaba kura baya sayaki. Kashiyas, wanda shi hassada ce ke cin sa, ya gane cewa ba a sayen Burutus da kuɗi, don haka sai ya shigo masa ta ƙofar mutuncinsa. Ya yi ta tuna masa da sunan kakanninsa, har ya sa aka rubuta wasiƙun jabu da hannu daban-daban aka jefa masa ta taga, kamar talakawa ne ke roƙonsa ya cece su. Shekisfiya ya bar mu muka ji Burutus shi kaɗai cikin dare yana lallashin kansa. Ya amsa da bakinsa cewa ba shi da wani laifi da zai kama Siza da shi a yau, abin da zai iya zama gobe ne abin tsoro, don haka gara a fasa ƙwan maciji tun bai ƙyanƙyashe ba. Mutumin kirki ke nan ya yanke wa amininsa hukuncin kisa a kan laifin da bai riga ya yi ba, kuma hujjarsa tana da nauyin da sai ka tsaya ka yi tunani kafin ka ture ta.

Bayan an yi kisan, kirkin nasa ne ya kashe shi. Kashiyas ya so a haɗa da Antoni, na hannun daman Siza, Burutus ya ƙi, wai kada a ce su mahauta ne. Kashiyas ya ce kada a bar Antoni ya yi magana a wajen jana'iza, Burutus ya ce a bar shi, da sharaɗin ba zai zarge su ba, zai kuma faɗa cewa da izninsu yake magana. A duk waɗannan wurare mugun ne ya fi hangen nesa, kuma marubucin bai ɓoye mana haka ba.

Burutus ya hau mumbari ya yi jawabi gajere mai tsari, ya ce son ƙasa ne ya rinjayi son aboki. Jama'a suka yi ta sowa, har wani daga cikinsu ya ce a naɗa shi a madadin Siza. Ku dubi wannan gatse. Mutum ya kashe amininsa don kada a yi sarki, ga shi waɗanda ya yi dominsu suna neman naɗa shi sarki. Bai lura ba, ya sauka ya tafi gida, ya ma roƙi jama'a su tsaya su saurari Antoni.

Da farko Antoni bai karya sharaɗi ko ɗaya a baki ba. Ya ce binne gawa ya kawo shi, ba yabo ba. Sai ya ambaci wani alheri na Siza, kamar dukiyar da ya kawo wa baitulmali, ko kukan da ya yi don talakawa, ko ƙin karɓar kambin sarauta da ya yi har sau uku, sa'an nan ya ce amma Burutus ya ce mai kwaɗayin mulki ne, Burutus kuwa mutum ne mai mutunci. Ya yi ta maimaita kalmar mutuncin nan, kowane maimaici tana ƙara tsami, har jama'a da bakinsu suka juya ta suka ce maciya amana ne. Ya tsaya ya yi kuka. Ya ɗaga takardar wasiyyar Siza ya ce ba zai karanta ba, don kada ransu ya ɓaci, su kuwa suka yi ta roƙonsa. Ya sauko ya ɗaga alkyabbar mamacin yana nuna huda-hudar wuƙa, yana cewa nan wane ya soka, nan wane ya soka, alhali mu masu karatu mun san ba ya wajen lokacin da aka yi kisan, an riga an janye shi waje. Bayan duk wannan sai ya ce shi ai bai iya magana ba, Burutus ne mai fasaha. Da suka zabura za su tafi ƙone-ƙone, ya kira su ya ce sun manta da wasiyya, ya gaya musu Siza ya bar wa kowane ɗan gari dirakma 75, da lambunansa su zama wajen shaƙatawar jama'a.

Yanzu mu ga yadda marubucin ya yi hukunci ba tare da ya buɗe baki ba. Fitowa ta gaba, taron nan ya haɗu da wani marubucin waƙoƙi mai suna Sinna a kan hanya. Sunansa ya zo ɗaya da na wani cikin makasan. Ya yi ta rantsuwa shi mawaƙi ne, suka ce to a kashe shi saboda munanan waƙoƙinsa, suka kuwa kashe shi. Fitowar da ke biye kuma, ga Antoni zaune da Oktabiyas da Lefidas suna jera sunayen waɗanda za a kashe, har da ɗan 'yar'uwarsa, yana kuma aikawa a ɗauko wasiyyar nan don a duba yadda za a rage abin da aka yi wa talakawa alkawari. Ba inda Shekisfiya ya rubuta cewa Antoni mayaudari ne. Ya dai ajiye jawabin a nan, ya ajiye gawar Sinna a kusa da shi, ya ajiye wasiyyar da ake yi wa gibi a kusa da su, ya ja da baya.

Da a ce an ba irin masu gyaranmu wannan wasa, da sun ce a rage wa Antoni fasaha, kada yara su koyi yaudara. Da an yi haka kuwa, da wasan ya mutu tun a zamaninsa. Ɗalibin da jawabin nan ya kwashe shi a aji, har ya ji shi ma zai bi taro, sa'an nan ya juya shafi ya ga Sinna, an yi masa lambar rigakafin da ba zai manta ba. Ran da wani ya hau mumbari yana cewa shi bai iya magana ba, shi talaka ne kamarsu, yana share hawaye, ɗalibin nan zai ji muryar ta yi masa kama da wadda ya taɓa ji.

AMSA GA MASU SUKA

Za a ce mana, ai yaro zai iya koyon yaudarar ya bar darasin. Muna tambaya, shin mayaudaran da suka cika gari a littafi suka koya? Ɗan damfarar da ya wanke tsohon ma'aikaci daga kuɗin fanshonsa, da saurayin da ya yi wa yarinya alkawarin aure ya gudu, da ɗan takarar da ke zuwa da buhun alkawari duk shekara huɗu, ba wanda ya jira marubuci a cikinsu. Mugu ya riga ya iya aikinsa. Wanda ke bukatar littafi shi ne wanda za a cuta. Yarinyar da duk littattafan da ta karanta mugun cikinsu baƙi ne mummuna mai jajayen idanu, mai magana da tsawa, me zai sa ta yi shakkar mai sanyin murya da ƙamshin turare? A yau da jawabi ɗaya yake kewaye gari ta Facebook da WhatsApp kafin a sha ruwa, kuma ihun ɓarawo ɗaya a kasuwa ya isa a kashe mutum kafin a tambayi sunansa, wannan bukata ta ƙaru ne, ba ta ragu ba.

Za a ce kuma, masu karatunmu ba za su gane gatse ba, sai an fayyace musu. Wannan ita ce maganar da ta fi ba mu haushi, domin raini ce aka yafa wa rigar tausayi. Mutanen da suka ƙagi karin magana da habaici, waɗanda ke gane zagi daga yadda aka ja gaisuwa, su ne za a ce ba za su gane labari ba sai an yi musu jadawalin darussa? Matan aure da 'yan makaranta da ke sayen littattafanmu sun fi mu sanin magana mai harshen damo, da ita suke kwana suke tashi. In mai karatu bai gane gatsenmu ba, mu duba alƙalaminmu tukuna.

Wasu za su ce, wannan salon Turawa ne, mu addininmu ya umarce mu da yin nasiha. Mun riga mun nuna salon nan a tsakar gidanmu yake tun kafin zuwan Bature. Game da addini kuwa, ba muna kwatanta maganar Ubangiji da ta bayinsa ba ne, Allah ya tsare mu, amma duk wanda ya zauna gaban malamin tafsiri ya san Alƙur'ani mai girma ya kawo mana hujjar da Iblis ya kafa da ya ƙi yin sujada, ya kawo maganganun Fir'auna ga mutanensa, ya kawo yadda 'yan'uwan Annabi Yusufu suka lallashi mahaifinsu da daɗin baki, suka kuma dawo da dare suna kuka da riga mai jinin ƙarya. An jiyar da mu muryarsu ne don mu gane ta in mun sake jin ta. Nasiha kai tsaye kuma tana da gidanta mai daraja a adabinmu, tun daga waƙoƙin Shehu Usmanu da Nana Asma'u har zuwa Imfiraji na Aliyu Namangi. Wanda Allah ya ba wannan baiwa ya bi sahunsu, za mu saya mu karanta. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauko ƙagaggen labari a yi masa kaciyar dole, ya tashi bai zama wa'azi ba, bai kuma zama labari ba.

Akwai inda muka yarda da masu sukarmu, kuma za mu faɗa don kada wani ya fake da mu. Ba mugu baki daban, yi wa mugunta kwalliya daban. Batsa ba fasaha ba ce, kuma wanda ya cika shafi da ita ya ce gaskiyar rayuwa yake nunawa, kasuwa yake nema. Ma'aunin da muke gani shi ne, shin littafin ya ɓoye kuɗin da mugunta take ci? Shekisfiya ya ba Antoni zuma a baki, amma bai ɓoye gawar Sinna ba. Jiki Magayi ya ba Abubakar dalili, amma bai ɓoye abin da ya sami Kyauta ba. Marubucin da ya nuna zaƙin ya ɓoye harbin, shi ne ya ci amanar mai karatu. Wanda kuma ya nuna harbin ya ɓoye zaƙin, shi ma bai faɗi gaskiya ba, don ba wanda zai fahimci abin da ya kai mutane bakin amya.

KIRA GA 'YAN'UWA

Saboda haka muna roƙon abu kaɗan. Ga alƙalan gasa da masu duba rubutu a ƙungiyarmu, a daina rage wa labari maki don bai ƙare da jerin darussa ba. A zauren karatu, kafin a tambayi mai labari ina saƙonsa, a tambaye shi, mugun nan naka, in da gaske ne, zai iya yaudarar wani a cikinmu? Mutumin kirkin nan naka, me ya rasa da ya zaɓi gaskiya? In zaɓin bai ci masa komai ba, to ba a gwada shi ba, kuma mai karatu ba zai koyi komai daga nasararsa ba.

Ga ƙannenmu masu tasowa, ku koma ga littattafan nan ku sake karanta su da idon mai koyon sana'a. Ku lura da inda Imam ya yi shiru, domin a nan gwanintarsa take. In kun zo rubuta maganar mugunku, ku ba shi hujjar da ta fi kowace ƙarfi, irin wadda ku da kanku sai kun yi gumi kafin ku amsa ta. Ku sa mutumin kirkinku a tsakanin abu biyu da duk yake ƙauna, uwa da miji, ko amana da yunwa, ku bar shi ya kwana bai yi barci ba. Sa'an nan ku nuna abin da kowane zaɓi ya haifar, kada ku rage komai, ku ajiye alƙalami. Mai karatu yana da hankali, kuma hukuncin da ya yanke da kansa shi ne zai bi shi har gida.

Mun san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba, cikinsu har da manyanmu da muke girmamawa. Shafukan mujallar nan a buɗe suke, wanda ke da ja ya ɗauko alƙalami ya mayar mana da martani a fitowa ta gaba, za mu karanta da kunnen basira. Roƙonmu ɗaya, in zai kawo hujjarmu don ya rushe ta, ya kawo ta da ƙarfinta.

Allah ya sa mu dace, ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka.